Ramin Hawa na Biyar

Ku samarin da ke zuwa wurina koyon aikin kilim, injin sanyaya ɗaki, kafin wata uku kun ƙosa. Kun ga an huda bango, an rataya inji, an ɗaura tiyo, an ɗura gaz, sanyi ya fito, sai ku ce ai shi ke nan, kun iya. Ranar da na ce ku kwaɓa siminti ku toshe ramin da tiyon ya bi, sai ku tsuke fuska, wai ku masu sanyi ne, ba magina ba. Har suna kun laƙaba mini a bayan idona, Baba Toshe, kuna tsammanin ban ji ba. Na ji, kuma ban yi fushi ba. Amma tunda kun ba ni sunan, ku zauna ku ji inda na samo shi. Wata baiwar Allah ta mutu saboda ramin da na bari, kuma aka ɗora wa wani dattijo laifin ina tsaye ina kallo.

Na shigo sana'ar nan ina da shekara goma sha shida, a hannun Malam Mudi, mutumin Tawa, mai rumfa a kasuwar Wadata bayan masu sayar da tsofaffin firiji. Aikina na farko da shi a wani biro ne, wato ofis, a unguwar Filato, kilim irin na da mai kama da akwati, wanda ake fasa bango a zura shi ciki. Ni na ɗauko shi a ka tun daga bakin titi har hawa na uku. Da na sauke, wuyana ya ƙi juyawa kwana biyu, Malam Mudi ya ce to madalla, yanzu zan bar kallon mata in riƙa kallon aikina. Lokacin ba mu da injin huda irin wanda kuke wasa da shi yau. Guduma ce da ƙarfe mai tsini, ka yini kana dukan kankare ƙura na cika maka hanci, kuma ramin ba ya taɓa fitowa daidai da tiyo. Kana neman inda hannu zai shiga, sai ka ƙare da inda kai zai shiga.

Malam Mudi gwani ne, wannan ba zan rage masa ba. Yana kara kunne a jikin inji ya gaya maka abin da ke damunsa. Shi ya koya mini buɗe bakin tiyon jan ƙarfe ba tare da ya tsage ba, da karanta agogon gaz, da shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga inda kumfa ke tashi. In ka lanƙwasa tiyo ya karye, da guntun zai bi ka har titi. Sai dai akwai abu ɗaya da ya koya mini wanda na gwammace bai koya mini ba. In an gama zura tiyo, sai ya tsinto buhun siminti na takarda da magina suka yar, ya dunƙule ya cusa a ramin, ya shafa ɗan farin siminti a fuska, ya goge hannu a wando. "Ramin da ido bai gani ba, ba rami ba ne," haka yake cewa. Ba shi kaɗai ba ne, kowa haka yake yi a lokacin, wasu ma har yau ba su bari ba.

Su ma masu gida ba su taimaka ba. Na taɓa yin aiki a wani gida a Bobiyel, Hajiyar ta tsaya a kaina da tsintsiya tun safe, duk ƙwayar yashin da ta faɗi sai ta share tana tsaki. Abu uku take so: sanyi ya fito, kada a ga tiyo, kuma in bar gidan kafin Alhaji ya dawo cin abinci. A shekarun da na yi ina wannan aiki, masu tambayar sanyi sun fi gashin kaina yawa, amma wanda ya leƙa bayan inji ya ga yadda aka rufe rami, ban cika yatsun hannu ɗaya da su ba.

Aikin da nake son ku ji, na same shi bayan na daɗe da cin gashin kaina. Wani sabon bene ne mai hawa biyar a gefen Wadata, na wani Alhaji ɗan kasuwa. Ƙasa shaguna, har da mangaza babba ta mai sayar da katifu, tsakiya birori, can sama kuma gidajen haya. Magina sun bar wani siririn lungu a tsaye cikin ginin, daga ƙasa har sama, wanda tiyon ruwa da wayoyin kuran, wato lantarki, ke bi. Mu muna ce masa gen. Faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba, samansa kuma a rufe yake da kankare. Alhaji ya ce ba ya son ruwan kilim yana ɗiga yana ɓata masa fuskar gini, saboda haka kowane inji sai na huda bango na zura tiyon ruwansa cikin gen, ya gangara har ƙasa ya faɗa kwata.

Mai gadin gidan shi ne Baba Saini, Bazabarme, dattijo siriri mai farin gemu. Tabarmarsa tana ƙarƙashin matakala, da rediyonsa da butarsa. Tsakanin shaguna da matakalar akwai wata ƙofar ƙarfe mai nauyi da ke rufe kanta, shi kuma sai ya tokare ta da dutse, domin ta nan kaɗai iska ke zuwa masa. Kwana tara na yi a ginin, kullum shi ke ɗebo mini ruwan kwaɓa siminti ba tare da na roƙe shi ba. Mai Sanyi yake kirana, yana tsokanata wai ni ne mutumin da ke raba wa jama'a sanyi yana tsiyayar gumi.

Hawa na ɗaya zuwa na huɗu, Allah ya sani, da siminti na toshe su, domin akwai ragowar kwaɓi a kusa. Ramin ƙasan gen ya faɗo a rufin mangazar katifu, mai mangazar ya ce kada in kuskura in ɗiga masa siminti a kan haja, sai na cusa takarda na wuce. Na hawa na biyar shi ne na ƙarshe, ranar Alhamis da la'asar. Asansar, injin da ke hawa da mutane sama, bai fara aiki ba, kwaɓina ya ƙare, ƙafafuna sun gaji da hawa da sauka. Ɗakin na wata tsohuwa ne, Inna Halima, ungozomar asibiti da ta yi ritaya, tana zaune da 'yarta mai aikin gwamnati. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta sauka sai dole. Ta zauna a bakin gado tana kallona, ta sa an dama mini fura mai sanyi.

"Isuhu, ɗana, ka rufe wurin nan da kyau," ta ce. "Ni dai ɓera ne ba ni so."

"Na rufe, Inna. Ko ƙuda ba ya wucewa."

Buhu ɗaya da rabi na cusa, na shafa farin siminti, na rataya inji ya rufe wurin. Ta sa mini albarka har bakin ƙofa.

Shekara ta zagayo, tsakiyar bazara, irin zafin da ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi. Ina wani aiki a cikin kasuwa da azahar na ga mutane na gudu, ana cewa benen Alhaji ya kama. Waya ce ta yi tartsatsi a mangazar katifu, mai ita ya kulle ya tafi masallaci. Wanda bai ga soso yana ci ba bai san hayaƙi ba. Baƙi ne ƙirin, mai kauri, mai wari, in ka shaƙa sau biyu ƙirjinka ya kulle. Pompiye, masu kashe gobara, suka zo suka fasa ƙofa, kafin la'asar sun kashe. Wutar ko hawa na ɗaya ba ta taɓa ba. 'Yan birori duk sun sauko da ƙafafunsu suna tari, ana ta hamdala, ana cewa dukiya ce kawai, Allah ya mayar da alheri.

Baba Saini ne ya ce bai ga Inna ba. Ya ɗaura jiƙaƙƙen rawani a hanci ya hau tare da pompiye biyu, suka ɓalle ƙofar gidan. Sun same ta a kan gado, kwance a gefenta na dama, carbi a hannu, kamar mai barcin rana. Ko gefen zaninta bai ƙone ba.

Da aka sauko da ita, wani babba cikin pompiye ya nuna ƙofar ƙarfen nan da dutse ya tokare, ya ce ga hanyar hayaƙin, wa ya bar ta a buɗe? Kowa ya juya ya kalli Baba Saini. Bai musa ba. Ya ce shi ne, zafi ne ya ishe shi. 'Yar Inna ta iso daga wurin aiki, aka gaya mata, ta riƙe wuyan rigarsa tana kuka tana cewa ya kashe mata uwa don ya sha iska. Alhaji ya kore shi a nan take a gaban jama'a. Na ga ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki rediyo da buta, ya bi titi ba wanda ya raka shi. Ni ma a ranar na yarda shi ne, har na ce wa na kusa da ni ganganci ba kyau.

Bayan kwana takwas aka kira ni in cire injinan gidan, domin 'yar za ta koma Damagaram wurin danginta. Ni kaɗai na shiga. Abin da na fara lura da shi, falon fes yake. Labule fari, bango fari, kuma a ƙasan ƙofar shigowa ga tsohon zani a naɗe, wanda Inna ke tokarewa don kada sanyi ya fita. Hayaƙin matakala bai shigo gidan nan ba. Na tura ƙofar ɗakinta, sai wari ya buge ni. Rufin ɗakin baƙi ƙirin, baƙin ya sauko bango har daidai ƙirjina, kuma duk ya taso ne daga wuri guda, ya bazu kamar mafici. Na sauke injin. Farin simintin ya zube, takardar ta zama toka, ramin yana nan a buɗe yadda na fasa shi. Na sa hannu ciki na ji iska mai ɗumi tana tasowa daga ƙasa.

Abin da na yi bayan haka shi ne abin da ya fi ramin muni. Na sauka hawa biyar, na sayi siminti, na ɗebo ruwa da kaina tunda mai ɗebo mini ba ya nan, na hau, na kwaɓa, na toshe ramin nan ciki da waje, na shafe shi sumul. Ban taɓa yin toshi mai kyau irinsa ba. Na sauka mangaza na toshe na ƙasa. Sati na gaba masu fenti suka zo suka rufe sauran.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron kurkuku, na ji tsoron a ce a Wadata Isuhu ya kashe mutum, na ji tsoron abin da 'ya'yana za su ci. Na riƙa gaya wa kaina ai an riga an kore shi, maganata ba za ta dawo da Inna ba.

Wata uku bayan haka na je gyaran firiji a gidan wani tsohon pompiye a Yantala. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, sai na ɗauko zancen a kaikaice, wai wani gini na ji labari a Kwatanu. Ya ajiye kofin shayinsa ya yi mini karatun da ya kamata a ce da shi aka fara koya mini sana'a. Ya ce hayaƙi mai zafi sama yake nema, kuma duk wani lungu da ke tsaye a cikin bene, matakala ce, ramin asansar ne, gen ne, hanyarsa ce. Gwargwadon tsawon ginin, gwargwadon ƙarfin jansa. Ba ya tsayawa gaisawa da hawa na ɗaya ko na biyu in bai ga ƙofa ba, yana wucewa har ya bugi rufi, ya taru, ya matsu, sannan ya fashe ta ramin da ya fi kusa da sama. Shi ya sa na kusa da wuta ke tsira, na can nesa ya mutu. In ya shiga ɗaki, rufi yake fara cikawa, ya riƙa saukowa a hankali, kuma ɗakin kilim ya fi kowane haɗari, domin an rufe taga an toshe ƙofa. Mai barci ba ya jin wari, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Ya ce a cikin waɗanda ya ɗauko da hannunsa, waɗanda wuta ta taɓa kaɗan ne. Na gyara masa firijinsa na fito, na manta jakar kayan aikina a gidan.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Ba aiki ne ya ƙare ba, ni ne na lalace. Tiyo uku na tsaga a rana ɗaya a wani otal, suka sallame ni. In na hau bene na wuce hawa na uku sai in ji warin soso, alhali ba abin da ke ci. Masu kirana suka ragu, aka fara cewa Isuhu ya tsufa. Na sayar da babur, na koma ɗaukar kwalbar gaz a kafaɗa ina shiga taksi.

Da na farfaɗo, sai na canza hannu. Kowane rami siminti, ciki da waje, ko mai gida na so ko ba ya so. In na gama, in kunna maganin sauro na hayaƙi a bakin gen daga ƙasa, in hau sama in bi ɗaki ɗaki ina sunsunawa. In na ji ƙamshinsa a sama, aiki bai ƙare ba. Na koma gidajen da na yi wa aiki a da, waɗanda na iya tunawa, ina cewa na zo duba inji kyauta, ina zaro takarda ina zuba siminti. Wasu sun bar ni, wasu sun ɗauka sata na zo yi. Na riƙa jin kamar ina biyan wani abu, amma wurin Baba Saini ban je ba, kuma ban tambayi inda yake ba.

Shekara huɗu aka yi. Wata rana da hantsi na je Gamkalle gyara wa wani mai kanti firijin lemo, na gama ina bin hanyar lambu zuwa titi, sai na ji an ce, "Mai Sanyi!" Yana tsakanin fangalin salati da kwanon ban ruwa biyu a hannu. Ya rame, gemun ya ƙara fari, ido ɗaya ya yi hazo. Ya ajiye kwanonin ya riƙe hannuna da hannu biyu yana murna, kamar ya ga ɗan'uwa. Ya zaunar da ni a inuwar mangwaro, ya tsinko salati da tumatir ya cika mini leda, ya ce in kai wa iyali. Lambun na ƙanensa ne, ya ce, tun daga ranar nan ba wanda ya sake ba shi gadi.

"Amma alhamdu lillahi, na samu sauƙi," ya ce. "Na tahi wurin malam na gaya mishi komi. Ya ce kisan kuskure ne, sai kaffara, azumin wata biyu a jere ba hutu. Na ɗauka cikin zahin nan. Ran kwana talatin da takwas na faɗi nan wurin rijiya, yara suka ɗura mini ruwa. Malam ya ce lalura ce, in ci gaba daga inda na tsaya. Na ce a'a, ran mutum ne, ban son a samu tsaga. Na sake daga farko. Wurin nan ne idon ya tahi." Ya yi murmushi. "Yanzu dai ina barci."

Ledar tana kan cinyata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya masa gen, da takarda, da zanin da ke ƙasan ƙofa, da farin labulen falo, da simintin da na hau na shafa bayan kwana takwas. Na ce, "Baba, ƙofarka ba ta kashe ta ba. Ko da ka rufe ta, da ta mutu. Ni ne."

Na jira zagi, na jira mari, wallahi da na samu ɗaya daga ciki da na ji daɗi.

"Kwana takwas," ya ce. "Lokacin ko azumin ban fara ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce nasa ya yafe, tunda shi ma yana neman a yafe mishi wasu. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kwanoninsa, sannan ya tsaya.

"Amma ka sani, Isuhu, wanda na yi nawa ne. Ba a yi wa mai rai azumi. Naka yana nan yana jiranka."

Ya koma cikin salatinsa. Bai karɓi ledar ba da na miƙa masa, ya ce ta yara ce, ba ruwansu.

Baba Saini ya rasu damina biyu da suka wuce. Ya yi kwana casa'in da takwas da ƙishirwa a kan laifin da ba nasa ba, yana tsoho, yana jan ruwa a rana. Ni mai laifin na ɗauka sau uku, kuma ban taɓa wuce kwana ashirin da biyu ba.